Kwamfutar da Ba a Kashewa

Gidan rediyon ya ce faifan CD yake so. Sanarwar neman mai karanta labarai ba ta bar wata kafa ba: duk mai sha'awa ya naɗi muryarsa yana karanta labari, ya ɗora a faifai, ya kai ofishin sakatariya kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis. Ba a karɓa ta waya, ba a karɓa ta imel. Alƙalan za su zauna ne a ɗaki ɗaya, a riƙa sa musu faya-fayan a tsohuwar na'urar gidan, su ji murya ba tare da sun ga suna ko fuska ba.

Malama ta daɗe tana koyar da 'yan aji huɗu, kuma duk taron da za a yi a makarantar ita ake miƙa wa lasifika. Shekaru ta yi tana jiran irin wannan sanarwa. Da ta fito, sai mura ta kama ta, ta toshe mata hanci har ranar Laraba. Safiyar Alhamis muryar ta washe. Ta nemi izini a wurin aiki, ta raka 'yan biyunta suka hau motar makaranta, ta dawo ta rufe taga, ta kashe fanka, ta karanta labarinta a gaban kwamfuta har ya fito yadda take so.

Saura ɗorawa a faifai, aikin da mijinta ya ce shan ruwa ma ya fi shi wuya.

Mijin nata ma'ajin kaya ne a wani kamfanin magunguna, amma tun ranar da ya gyara wa maƙwabci fanka unguwa take kiransa Injiniya, shi kuwa bai taɓa musantawa ba. Wata huɗu da suka wuce ya goge tsarin da aka sayo kwamfutar gidan da shi, ya sa Linux. Ya tara iyalinsa a falo ya yi musu bayani: kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya ga yadda aka tsara shi, kuma ba ya bukatar kashewa. Wannan na ƙarshen shi ya fi riƙewa. Yana cikin wani zaure na intanet inda masu irin ra'ayinsa ke gasar wanda kwamfutarsa ta fi daɗewa a kunne. Ya sayo batirin ajiyar wuta ya tura ƙarƙashin tebur, ya manna salatif a kan maɓallin kashewa, ya rubuta a jiki da jan biro: KADA A TAƁA. Kullum da safe, kafin ya nemi silifas ɗinsa, sai ya duba lissafin kwanakin.

Saboda wannan gasa ce ma, da maganar faifai ta taso, ya ƙi sayen na'urar naɗa irin ta ciki, don sai an kashe kwamfuta ake ɗaura ta. Ya sayo ta hannu, mai waya, wadda ake jonawa ta waje. Faifan da ba a naɗi komai a kai ba kuwa sai da ya zaga gari kafin ya samu kwali guda mai ƙura a bayan kantar wani mai sayar da littattafai. Ya yi ta gwaji da su, ya bar mata biyu. Kafin ya fita da safe, domin kamfani ya tura shi ƙidayar kaya a wani reshe mai nisa, ya tsaya a kanta da jaka a kafaɗa ya nuna mata da yatsa.

“Ki buɗe nan, ki jawo muryar ki sake ta nan, ki danna ja. Shi ke nan. Na gwada, na sake gwadawa.”

Ta buɗe, ta jawo, ta danna ja. Wani ɗan akwati ya fito a allo da saƙon Turanci, ma'anarsa: ba ki da izinin amfani da wannan na'ura. Ta zare wayar ta sake jonawa. Saƙon bai sake ba.

Ana haka Yayarta ta yi sallama. Ungozoma ce, ranar hutunta ce, ta zo da tsohuwar motarta don ta kai ƙanwar gidan rediyon. Ta ajiye makulli a kan tebur, ta sunkuya ta karanta allon.

“Auta, a gidanki ake hana ki? To, kira mana Injiniya.”

Ya ɗauka a cikin motar haya. Ana jin ƙugin inji da kukan jariri a bayansa.

“Baban 'yan biyu, abin naka ya ƙi.”

“Ba ya ƙi. Me kika taɓa?”

“Abin da ka nuna mini. Ya ce ba ni da izini.”

Ya yi shiru. Malama ta san irin wannan shirun. Shi yake yi idan ya tuna ya bar makullin gida a aljihun wani wando.

“Da wane suna kika shiga?”

“Da nawa mana. Da na wa zan shiga?”

Sai ya fara bayani a hankali, kamar mai taka ƙaya. A Linux, in ji shi, akwai wani asusu da ake kira rut, mai iko a kan komai. Shi duk gwajin da ya yi, ta baƙar tagar rubuta umarni ya buɗe manhajar, a matsayin rut. Bai taɓa gwadawa da sunanta ba. Ita asusunta na talaka ne, ba ya cikin rukunin waɗanda aka yarje wa taɓa na'urar faifai.

Yaya ta matso kusa da wayar. “Wato mai gadi ya murɗa ƙofa da makulli a hannunsa, ya fito ya yi shelar cewa a buɗe take.”

“Yaya ce? Ina kwana, Yaya.”

“Lafiya lau, Injiniya. Mu dai talakawa muna bakin ƙofa.”

Gyaran ba wuya, in ji shi. Layi ɗaya ne za a rubuta, a saka sunanta a rukunin. Sai dai rubuta layin yana bukatar kalmar sirrin rut.

“To faɗa mini,” in ji Malama.

“Ba a bayarwa.”

“Ban ji ba.”

“Malama, ba don ke ba ne. Doka ce ta farko. Mai riƙe da rut, kuskuren harafi ɗaya sai ya shafe komai. Bari na dawo da yamma in—”

“Ƙarfe huɗu suke rufewa.”

Yaya ta karɓe wayar. “Kai, saurara. Na ba ka ƙanwata sukutum, ban tambaye ka kalmar sirri ba. 'Ya'yanka biyu a hannuna suka faɗo. Yau haruffa takwas ne za ka yi mata rowarsu?”

Daga cikin motar wata murya ta tsohuwa ta ce, “Ɗan nan, ba su mana, ka cika mana kunne.” Aka yi dariya. Injiniya ya ce ba zai faɗa a gaban jama'a ba, zai turo a rubuce.

Saƙon ya shigo. Malama ta duba ta miƙa wa Yaya.

“Ranar aurenku ce?”

“Lambar babur ɗinsa ce. Wanda ya sayar tun kafin a haifi yara.”

“Allah Sarki,” in ji Yaya. “Uwargida.”

Ya sake kira ya bi da ita mataki-mataki. Ta buɗe baƙar tagar, ta rubuta umarnin farko, haruffa biyu, s da u, ta danna. Aka nemi kalmar sirri. Ta buga, allon bai nuna ko ɗigo ba. Ta ce masa maɓallan sun mutu, ya ce haka yake, ba ya nunawa don kada na tsaye a baya ya ƙirga. Sai layin kansa: usermod, tazara, ɗan layi da ƙaramin a da babban G, sannan cdrom, sannan sunan asusunta. Ya sa ta karanta masa kafin ta danna. Ta danna.

“Bai ce komai ba.”

“In bai ce komai ba, ya yarda ke nan. Sai an yi kuskure yake magana.”

“Ashe ya fi mai shi hankali,” in ji Yaya.

“Yanzu abu ɗaya ya rage,” in ji Injiniya. “Sai ki—”

Layin ya yanke. Motarsu ta shiga tsakanin duwatsu, inda ya sha faɗa mata waya ba ta kamawa sai an sauka.

Malama ta koma manhajar ta danna ja. Akwatin nan ya sake fitowa, saƙon bai canza ko harafi ba. Ta kira shi, wata mata ta ce lambar ba ta samuwa. Ta sake rubuta layin, kwamfutar ta sake yin shirunta na yarda, manhajar ta sake hana ta.

Yaya ta ce su ɗauki muryar a waya su tafi shagon masu buga takardu. Malama ta ce tun Litinin ta bi su. Na bakin titi ya yi mata dariya, ya ce rabonsa da ganin faifai tun yana yaron shago. Na kusa da tasha yana da na'urar, amma ya mayar da ita abin tokare ƙofa. Rana ta riga ta raba, kuma gidan rediyon yana ɗaya gefen gari.

Ta zauna ta zuba wa allon ido. Ba ta san Linux ba, amma ta san ƙofar makaranta. Mai gadinsu a bakin shiga kawai yake duba katin baƙo. In an canza wa mutum kati yana ciki, mai gadi bai san an yi ba sai mutumin ya fita ya dawo. Ita tun safe ta shigo, da tsohon kati. Watakila abin da mijinta zai ce ke nan.

A kusurwar allo akwai wurin da aka rubuta a fita daga asusu. Ta kai 'yar kibiyar allon kansa. Ta tsaya. A gefen tebur faya-fayan gwajinsa suna jere, wasu ya mayar da su matashin kofi, da zoben shayi a kansu. Ta dube su, ta dubi biyun da ya bar mata a kwali. Sannan ta sunkuya, ta sa farce ta ɓamɓare salatif ɗin, ta manna shi a bakin tebur, ta danna maɓallin.

Rubuce-rubuce suka gudu a allo, fitilar ta mutu, fankar ciki ta tsaya. Sai a lokacin suka gane akwai wani ƙugi da gidan ya saba da shi har aka daina jinsa. Ana jin ɗigar famfo daga kicin.

“Auta,” in ji Yaya ƙasa-ƙasa, “kin kashe masa ɗa.”

“Zai tashi.”

Ta ƙirga kaɗan a ranta ta sake dannawa. Ya tashi. Ta shiga da sunanta, ta buɗe manhajar, sai ga na'urar a jere, da sunanta da saurinta, ba akwati ba gargaɗi. Ta sa faifai, ta jawo muryar ta sake ta inda ya nuna mata, ta danna ja. Na'urar ta ɗauki ƙara kamar keken ɗinki, ba a jima ba ta turo faifan waje. Ta mayar da shi ta gwada. Muryarta ta fito daga kwamfutar tas.

Suka kulle gida suka sauka. Yaya ta tada mota, ta zare faifan da ya shekara a cikin rediyon motar, ta ce a sa musu su ji labarai a hanya. Rediyon ya haɗiye faifan Malama, ya yi ta juya shi, ya yi ɗan tari, ya tofo shi. Ta goge shi da bakin mayafi ta sake turawa. Ya sake tofowa.

“Motarki ce, Yaya.”

“Motata tsohuwa ce, ba kurma ba.” Ta mayar da nata faifan, kiɗa ya tashi nan take. “Kin ji. Kuma na gidan rediyon naku, cewa suka yi tsohuwar na'ura. Sa'ar wannan ce, in ba yayarta ba.”

Malama ta haura da gudu, ta ɗauko ɗaya daga cikin na gwajin mijinta, ta sauko ta tura. Rediyon ya tofo shi da zoben shayinsa. Duk gwajin da Injiniya ya yi, a kwamfutar da ta naɗa ya saurara. Bai taɓa kai ko ɗaya wata na'ura ba.

Suka koma sama. Wannan karon ba ta bi yatsansa ba, ta karanta shafin farko na manhajar daga sama har ƙasa. Zaɓi ne a jere. Na farko, wanda ya nuna mata, faifan ajiyar bayanai ne: yana kwashe fayil ya ajiye yadda yake, kwamfuta ce kawai ta san yadda za ta buɗe. Na biyu faifan sauti ne, da hoton alamar kiɗa a jikinsa, an rubuta a ƙasa cewa shi ne na'urorin gida da na mota suke karantawa.

Ta zaɓi na biyun. Ta jawo muryar, manhajar ta nuna ta a matsayin waƙa ta ɗaya, da tsawonta. Kafin naɗa sai ta tambayi sauri. Malama ta tuna yadda na'urar ta riƙa rawa a kan tebur ɗazu, ta tuna kuma ta hannu ce. Ta zaɓi mafi ƙanƙanta. Akwai wani ɗan gurbi na rufe faifai bayan an gama, don kada a ƙara komai. Ta sa masa alama. Ta ɗauko faifai na ƙarshe ta gefensa, ta hura, ta ɗora.

“In wannan ya lalace fa?” in ji Yaya.

“Sai in koma aji huɗu.”

Ta danna. Na'urar ta fara aiki a natse, koren layi yana tafiyar hawainiya. Yaya ta nemo ambulan a durowa, ta lashi bakinsa, ta ga gam ɗin ya bushe. Ta duba agogon bango, ta duba na hannunta, kamar ɗaya zai yi mata rangwame. Wayar Malama ta yi ƙara: Baban 'yan biyu. Ta bar ta tana yi, don wayar tana kan teburin da na'urar take, ba ta so ko girgiza ta taɓa shi. Layin ya cika, ya tsaya a ƙarshe yana rufewa, har Yaya ta fara salati. Sannan tiren na'urar ya buɗe.

Uku ta gota lokacin da suka fita daga layinsu. Malama ta tura faifan. Rediyon ya haɗiye, ya juya, lamba ɗaya ta fito a ɗan allonsa. Sai ga murya ta cika motar, a nutse, tana gaida masu sauraro, tana cewa ga labaran.

Yaya ta saurara har suka wuce shataletale.

“Kin ja numfashi a tsakiyar maganar kasafin kuɗi,” ta ce.

“Na sani.”

“Ban da wannan, da zan saurara.” Ta danna wa wani mai a-kori-kura oda. “Malam, ka matsa, labarai ne a motar nan!”

Ofishin sakatariyar ɗan ɗaki ne a bayan ɗakin jira, da kanta da fanka mai kaɗa kai. Sakatariyar mace ce mai tabarau a kan hanci, da wata baƙar na'ura mai faɗi a gefenta. Duk faifan da aka kawo sai ta sa shi ta ji kafin ta karɓa. A ƙarshen kantar akwai tarin waɗanda na'urar ta ƙi. Wani saurayi mai kwat yana tsaye yana rantsuwa cewa nasa ya yi a kwamfutarsa da safe.

“Na yarda,” in ji sakatariyar. “Sai dai alƙalan ba a kwamfutarka za su ji ba. Na gaba.”

Malama ta miƙa ambulan. Sai a lokacin ta ga abin da Yaya ta rufe bakinsa da shi. Sakatariyar ta ɗaga tabarau ta karanta jan rubutun.

“Kada a taɓa? To, baiwar Allah, ta yaya za mu saurara?”

“Na maigidanta ne,” in ji Yaya daga baya. “Ya tashi aiki.”

Sakatariyar ta yage, ta sa faifan. Na'urar ta yi jim. Muryar ta fito. Ta saurari gaisuwar da jimla biyu, ta tsayar, ta rubuta lamba a bayan faifan da baƙin alƙalami, ta rubuta irinta a guntun kati ta ba Malama. Ta ce za a kira waɗanda alƙalai suka zaɓa. Agogon da ke bayanta bai kai huɗu ba tukuna.

Injiniya ya dawo bayan faɗuwar rana, da ƙura a gira. 'Yan biyu suka rungume masa ƙafafu. Ya tambayi faifai tun daga bakin ƙofa, ta ce ya shiga, ta nuna masa katin. Ya ce alhamdulillahi, ai ya faɗa mata abin ba wuya. Sannan, kamar kullum, ya wuce wajen tebur da jakarsa a kafaɗa, ya buɗe baƙar tagar ya nemi lissafinsa.

Ya daɗe a sunkuye. Inda kwanakin wata huɗu suke da safe, yanzu 'yan awoyi ne. Ya leƙa maɓallin, ya shafa wurin da salatif yake.

“Malama, an ɗauke wuta ne?”

“A'a.”

“Batirin ne ya—”

“Ni na kashe.”

Ya sauke jakar a hankali. “Fita kawai za ki yi daga asusunki ki sake shiga. Abin da nake shirin faɗa miki ke nan layi ya yanke. Ba sai an kashe ba.”

“Na yi tunanin haka,” in ji Malama. Tana duba littattafan aikin gida na yaran, ba ta ɗago ba.

Ya ɗauki ɗaya daga cikin faya-fayan gwajinsa yana juyawa. Ta ce masa, ba tare da ta canza murya ba, ya kai shi motar Yaya wata rana ya ji abin da zai ce. Ta gaya masa zaɓi na biyu, da tarin da ta gani a kantar sakatariya. Ya saurara har ƙarshe, ya mayar da faifan ƙarƙashin kofi.

“Kalmar sirrin nan,” ya ce, “dole in canza ta.”

“Canza. Ka rubuto mini sabuwar. In sun kira ni zagaye na biyu, wani faifan za su ce.”

Ya ja kujera ya zauna. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ya hau cinyarsa, ya nuna allon, ya tambaya ko Baba ne har yanzu na ɗaya a gasar.

“An sake lale,” in ji Injiniya.

Ya buga sabuwar kalmar, allon bai nuna komai ba. Jim kaɗan wayar Malama ta yi ƙara a kan kujera, saƙonsa ya shigo.